Yadda Ake Warware Rubutun da Babu Sauran Mai Karanta Shi

Rubutun da aka tono a kango ko aka tarar a jikin dutse, wanda masu shi suka shuɗe ba su bar wa kowa karatunsa ba, kaifin basira kaɗai ba ya buɗe shi. Waɗanda suka ci nasara a wannan fage, tun daga Champollion da ya karanta rubutun Fir'aunonin Masar a 1822 har zuwa Michael Ventris da ya karanta allunan tsibirin Kirit a 1952, mafi yawan shekarunsu a ƙirge da jerawa da kwatantawa suka ƙare. Cewa "wannan alama sautinta kaza" yana zuwa ne can kusa da ƙarshe. Duk wanda ya fara da shi, abin da ke zuciyarsa zai karanta ya jingina wa dutse. Don haka a bi matakan nan yadda aka jera su, domin kowanne a kan na bayansa yake tsaye.

Wace irin matsala ce a gabanka?

Abu biyu ne ke iya ɓacewa, rubutu da harshe, kuma ba lallai su ɓace tare ba. Akwai inda haruffan sanannu ne amma harshen ya mutu. Haka Itaruskanci yake a Italiya: haruffan Girkawa suka ara, kowa zai iya furta abin da suka rubuta, amma ma'anar dogayen nassoshinsu ba ta gama fitowa ba. Rubutun Merowe na Sudan ma haka ne. Francis Griffith ya gano sautin alamominsa 23 a wajajen 1911, ana karanta sunayen sarakuna da addu'o'in kan kabari, saura kuwa sai a furta ba a fahimta, kamar ɗan makarantar allo da ya iya haɗa baƙi bai san fassara ba.

Akwai kuma inda rubutun ne baƙo, amma harshen ko ɗan'uwansa na kusa yana nan. Nan ake samun nasara. Harshen Masar na dā ya tsira a littattafan cocin Kibɗawa. Jikokin Maya suna magana da harsunansu har gobe a Meziko da Gwatamala. Allunan Kirit da ake kira Liniya B, ashe tsohon Girkanci ne. Rukuni na uku shi ne inda duka biyun suka ɓace, kamar rubutun kwarin Indus na Pakistan da Indiya, kuma nan aka fi asarar shekaru. A ranar farko ba ka san rukunin da kake ciki ba. Ventris ya daɗe yana zaton allunansa Itaruskanci ne, abin da ya cece shi kawai bai bar zaton ya shiga cikin ƙirgensa ba.

Kafin ka zuba ƙarfinka, tambayi kanka: rubutu ne ma kuwa? Shaidar da ake ɗora wa raƙumi da ƙarfe mai zafi tana da ma'ana, amma ba magana aka rubuta ba. Hatimin malamai cike yake da haruffan Larabci, amma a gidajensa da yawa lissafi haruffan ke wakilta, wanda ya nemi jimla a ciki zai sha wahalar banza. Rubutun harshe yana da alamomi masu iyaka da ke maimaituwa cikin jeri daban-daban, a layi mai farko da ƙarshe.

Sai maganar yawa. Faifan yumɓu na Faistos da aka tono a Kirit a 1908 alamomi 241 ne a jikinsa, nau'i 45, kuma shi kaɗai ne irinsa. An "karanta" shi da harsuna barkatai, babu yadda za a ƙaryata ko ɗaya, babu yadda za a gaskata ko ɗaya. Na Indus kuwa abubuwa dubbai ne, amma tsawon kowanne a matsakaici alamomi biyar ne. Allunan Liniya B dubbai ne, wasunsu layi a kan layi. Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta.

Tattarawa da kwafi

Kowane abu a ba shi lamba, a rubuta inda aka same shi, da zurfin ƙasa, da abin da ke kusa da shi, da girmansa. Wannan ba aikin magatakarda ba ne kawai. Rubutun da ke kan kabari ana sa ran sunan mamaci da na ubansa. Wanda aka samu a ɗakin ajiyar fada ana sa ran lissafin kaya. Wurin yana faɗa maka irin maganar tun kafin ka karanta harafi ɗaya.

A ɗauki hoto da ma'auni a gefe. Hasken da ya faɗo kai tsaye yana shafe zane marar zurfi, don haka a sa fitila ƙasa-ƙasa daga gefe, inuwa ta cika ramin zanen, a ɗauka daga kusurwa huɗu aƙalla, domin layin da ke kwance daidai da hasken ba ya fitowa. Kada a goga alli a cikin zanen don ya fito. Hannun mai allin ya riga ya yanke hukuncin inda layi ya bi, kuma hoton zai ɗauki hukuncinsa ne. Bayan hoto a zana da hannu, inda ya karye a nuna ya karye, ba a cike gurbi da "ai tabbas wannan ce". Idan hatimi ne, a tuna an sassaƙa shi a juye, abin da ya buga a yumɓu shi ake karantawa.

Kuma a fitar da kayan kowa ya gani. Arthur Evans ya fara tono allunan Liniya B a Knosos ta Kirit a 1900, ya rasu a 1941 mafi yawansu ba a buga ba. Sai a 1951 aka buga na Pilos da ke babban yankin Girka, a 1952 aka buga na Knosos, kuma a shekarar nan ta 1952 aka warware rubutun.

Ta ina ake farawa?

Wannan yana da sauƙi idan an lura. Marubuci yakan fara da yalwa ya ƙare da matsi, don haka gefen da alamomi suka cunkushe shi ne ƙarshen layi. Da haka aka gane na Indus daga dama yake tafiya zuwa hagu. Layin ƙarshe da bai cika ba yana manne da gefen da ake farawa. A yumɓu, zanen da aka yi daga baya yana yanka na farko. Idan jeri ɗaya ya zo a wani wuri cikin layi guda, a wani wurin kuma ya rabu tsakanin layi biyu, inda ya karye ya nuna maka hanya. A rubutun Masar, mutane da tsuntsaye suna fuskantar farkon layi.

Kada dai a ɗauka hanya biyu ce kawai. Tsofaffin Girkawa sun yi rubutu mai tafiya ya dawo kamar shanun huɗa. Allunan rongorongo na tsibirin Ista sai an juya su ƙasa a sama bayan kowane layi. Tsohon rubutun Libiya, kakan Tifinagh na Buzaye, sau da yawa daga ƙasa yake hawa sama.

Jerin alamomi

Nan ne aiki mafi cin rai, kuma kuskuren da aka yi a nan yana bin mutum har ƙarshe. Tambayar ita ce: waɗannan zane biyu masu kama da juna, alama ɗaya ce da hannu biyu suka rubuta, ko alamomi biyu ne?

Ɗauki Larabci a idon wanda bai taɓa ganinsa ba. Haruffa 28 ne, amma ain na farkon kalma da na tsakiya da na ƙarshe ba su kama da juna, zai ƙirga su uku ko huɗu. Ba da ta da sa kuma jiki ɗaya ne, ɗigo ya raba su, zai iya haɗe su ya ce ƙazantar tawada ce. Ga kuma bambancin hannu. A rubutun Magribi na allunanmu, fa ɗigonsa a ƙasa yake, ƙaf kuma ɗigo ɗaya a sama. A bugun gabas, mai ɗigo ɗaya a sama shi ne fa. Wanda ya zuba takardun biyu a kwando ɗaya zai ƙirga harafi biyu a matsayin ɗaya, lissafinsa duka ya gurɓace.

Maganin shi ne a duba zama, ba kama ba. Idan zane biyu suna musanya juna a cikin jeri iri ɗaya, wannan marubuci yana sa wancan, wancan yana sa wannan, alama ɗaya ce. Idan hannu ɗaya a allo ɗaya ya rubuta su duka yana bambantawa, biyu ne. Inda aka rasa tabbas a bar su a rabe, domin haɗe abin da aka raba ya fi sauƙi a kan raba abin da aka haɗe. Emmett Bennett ne ya yi wa Liniya B wannan aiki, har ya riƙa gane hannun marubuta ɗaya bayan ɗaya.

Sannan kowace alama a ba ta lamba, a mayar da duk nassoshin lambobi: 08-73-30-12. Kada a ba su suna kamar "kifi" ko "tulu" a cikin lissafi, domin suna yana jan hankali zuwa ma'anar da ba a tabbatar ba.

Yanzu a ƙirga. Alamomi 20 zuwa 40 yawanci haruffa ne, kamar na Ugarit, tsohon birni a Siriya, mai 30. Daga 50 zuwa 100 gaɓoɓi ne, wato kowace alama baƙi ce da wasalinta: Liniya B tana da kimanin 87, na ƙabilar Cheroki ta Amurka 85. Ɗaruruwa kuwa gauraye ne na alamomin kalma da na sauti, kamar na Maya mai kimanin 800. Wannan ma'auni ne na kusa, yana da masu saɓa masa: rubutun Vai na Laberiya gaɓoɓi ne amma ya kai wajen 200.

Idan nassin gajere ne, ba duk alamomin suka bayyana ba. Akwai lissafin Alan Mackay na ƙiyasi: a ninka jimillar alamomi da kanta, a raba da abin da ya rage in an cire nau'o'in da aka gani daga jimillar, sannan a cire jimillar. A faifan Faistos, 241 sau 241 ya ba da 58,081, a raba da 196 a samu kimanin 296, a cire 241, saura 55. Wato mai yiwuwa gaɓoɓi ne.

Ƙirge kaɗai yana iya rushe tsohuwar fahimta. An shafe ƙarnoni ana ɗauka kowane hoton Masar tunani ne guda cikakke. Champollion ya ƙirga dutsen Rashid, mai ɗauke da nassi ɗaya a rubutun Masar da na Girkanci, wanda aka samu a 1799, ya ga alamomi 1,419 suna tsaye a madadin kalmomin Girkanci 486. Ba zai yiwu kowace alama ta zama kalma ba.

Lambobi da abin da ke kusa da su

Lambobi su ne suka fi saurin miƙa wuya, domin ba su bukatar harshe. A Liniya B tsayayyen layi ɗaya ne, kwantacce goma, da'ira ɗari. A Maya ɗigo ɗaya ne, sanda biyar, ƙwanso sifiri, ana ƙirge da ashirin-ashirin. Ernst Förstemann, mai kula da ɗakin karatu a Dresden, ya warware lissafi da kalandar Maya tun a shekarun 1880 bai iya karanta jimla ɗaya ba. Gwajin mai sauƙi ne: a tara lambobin allo a ga ko sun yi daidai da na layin ƙarshe. In sun yi, kalmar da ke gaban wannan lambar tana nufin "jimilla", ka san ma'anarta ba ka san furucinta ba.

Alice Kober ta lura cewa a Liniya B wannan kalma fuska biyu gare ta, ɗaya tana zuwa da hoton maza, ɗaya da hoton mata. Ke nan harshen yana bambanta namiji da mace. Tatiana Proskouriakoff kuma a 1960 ta jera ranakun da ke jikin duwatsun Piedras Negras a Gwatamala, ta ga sun kasu rukuni-rukuni, babu rukunin da ya wuce tsawon rayuwar mutum. Wata alama kullum tana tare da rana ta farko, wata tana tare da ranar da ta zo shekaru bayanta. Haihuwa ke nan da hawa gadon sarauta. Duwatsun da aka ce taurari da alloli kawai suke magana a kai, ashe tarihin sarakuna ne.

A nan ma ake neman mai raba kalmomi, wato ƙaramar alamar da ta fi kowa yawa amma ba ta zuwa biyu a jere. In babu ita, jerin da ke maimaituwa shi zai nuna iyakokin kalma, aikin dai ya ninka.

Jadawalin gaɓoɓi

Al-Kindi ya rubuta a Bagadaza tun ƙarni na 9 cewa ana buɗe rubutun asiri ta ƙirga harafin da ya fi yawa. Dabarar tana aiki idan an san harshen. A nan ba a sani ba, don haka yawa kaɗai bai isa ba, sai an haɗa da wurin zama. Kowace alama a rubuta sau nawa ta zo a farkon kalma, sau nawa a tsakiya, sau nawa a ƙarshe, wace ce ke gabanta, wace ce ke bayanta. A rubutun gaɓoɓi, alamar da ta yi yawa a farko amma ba ta cika zuwa tsakiya ba, wasali ce zalla, domin a tsakiyar kalma wasali yana manne da baƙinsa. Alamar da ke liƙe a ƙarshen kalmomi iri-iri cikin jerin abubuwa, mai yiwuwa "da" take nufi.

Sai babbar dabara, wadda Kober ta fito da ita a shekarun 1940, da katuna kimanin 180,000 da ta yanka da hannu saboda ƙarancin takarda na lokacin yaƙi. Za a fi gane ta da Hausa. Ƙaddara an rubuta Hausa da gaɓoɓi, kai kuma ba ka jin ta. Ka tarar da waɗannan, na farko a gefen hoton namiji, na biyu a gefen hoton mace:

12-30-45 da 12-30-12
07-22-51 da 07-22-09
03-60-18 da 03-60-27

Ba ka san cewa malami da malama ne, da ɗalibi da ɗaliba, da tajiri da tajira ba. Amma ka ga jikin kalma bai motsa ba, wutsiya ce ke sauyawa. Mai yiwuwa baƙin gaɓar ƙarshe na tushen kalma ne, wasalin kuma shi ke nuna jinsi. Idan haka ne, 45 da 12 baƙinsu ɗaya, haka 51 da 09, haka 18 da 27. Kuma 45 da 51 da 18 wasalinsu ɗaya, 12 da 09 da 27 ma wasalinsu ɗaya. Sai ka zana jadawali, baƙaƙe a kwance, wasula a tsaye, kamar yadda Habashawa ke jera haruffansu, ka zuba alamomin shida a gidajensu. Can kuma ka ci karo da 33-40 da 33-27 da 33-18-55, wato yaro da yara da yarinya. Ga 27 da 18 sun sake haɗuwa a wata kalma dabam, wannan shaida ce ta biyu, ga kuma 40 ta shigo layinsu da sabon wasali.

Har yanzu ba ka furta komai ba. Amma ranar da ka san sautin 45 shi ne mi, ka san baƙin duk layinta da wasalin duk ginshiƙinta lokaci ɗaya. Amfanin jadawali ke nan. Yana kuma kama ƙarya, domin zato ɗaya marar kyau zai ɓata kalmomi goma a take.

Tarkon da ke nan shi ne kalmomin da suka yi kama ba dangi ba ne. Gida da gina gaɓar farko kawai suka haɗa. A nemi aƙalla alamomi biyu na tarayya, da zama a wuri iri ɗaya a allo, kuma kowane haɗi a samo masa shaida biyu kafin a amince. Wasu kalmomin ma ba su bin ƙa'ida, kamar doki da dawaki. Da fensir ake cike jadawali.

Sunaye

Suna shi ne ƙofa, domin ba a fassara shi, daga harshe zuwa harshe da sautinsa yake tafiya. Idan akwai nassi mai harshe biyu, a fara da sunayen ciki. In babu, a nemo su ta tsarin magana.

Georg Grotefend, malamin makaranta a Göttingen, ba shi da fassara ko ɗaya a 1802. Yana da kwafin gajerun rubuce-rubuce biyu masu alamomi kamar ƙusa daga Farsifolis, tsohon birnin sarakunan Farisa, ya kuma san yadda sarakunan Farisa na baya ke kirari: wane, babban sarki, sarkin sarakuna, ɗan wane. Ya ga wata kalma na maimaituwa har sau biyu a jere, ya ce wannan "sarki" ce. Sunan da ke farkon rubutu na ɗaya ya dawo a na biyu a gurbin uba, da "sarki" a bayansa. Uban na ɗayan kuwa babu "sarki" a bayan sunansa. Jika sarki, uba sarki, kaka ba sarki ba. A tarihin da Girkawa suka bari, Zaksis ɗan Dariyus ɗan Histasfis ne suka dace. Alamomin da ya samu daidai ba su wuce goma ba, amma ƙofa ta buɗe.

Champollion suna biyu ya gwama, Batlamiyus (Ptolemaios) daga dutsen Rashid da Kiliyobatra (Kleopatra) daga ginshiƙin Filae na Masar, dukansu cikin zoben da ake kewaye sunan sarki da shi. Sautukan p da o da l suna cikin sunayen biyu, kuma alamominsu sun faɗo daidai inda ya kamata. Na t ne ya saɓa, alama daban a kowane suna. Bai watsar da aikin ba, ya gane sauti ɗaya na iya samun alama biyu.

A Ugarit ta Siriya, inda aka tono alluna a 1929, an ga jeri ɗaya a jikin gatura, an kuma gan shi a farkon wata wasiƙa da alama guda a gabansa. Wasiƙa da "zuwa ga" take farawa, kuma a dangin Larabci da Ibrananci harafi ɗaya ne, l. Daga nan aka nemi kalma mai baƙi uku da l a tsakiya, aka samu m-l-k, sarki. Cikin 1930 Hans Bauer da Édouard Dhorme da Charles Virolleaud sun gama da mafi yawan haruffan.

Ventris kuwa ya lura cewa wasu daga kalmomi masu sauya wutsiya da Kober ta tara a allunan Knosos kawai suke, babu su a Pilos. Ya ce sunayen garuruwan Kirit ne. Tashar jiragen ruwan Knosos sunanta Amnisos, da wasali ta fara, kuma yana da alamar da yake zaton a ce. Ya gwada, 08-73-30-12 ta ba da a-mi-ni-so. Jadawali ya ɗauka daga nan: ko-no-so, tu-ri-so. Kalmomin Kober masu wutsiya uku ashe irin su Kano da Bakano da Bakanuwa ne: ko-no-so, ko-no-si-jo, ko-no-si-ja. Sai kalmar jimilla ta fito to-so da to-sa, yaro da yarinya suka fito ko-wo da ko-wa. Girkanci ne, harshen da bai yi tsammani ba.

Aron sauti daga rubutun da ya yi kama yana da haɗari. Kama da wane ba wane ba ne. Sequoyah, wanda ya ƙirƙiro rubutun Cheroki, ya ari siffar haruffan boko ya ba su wani aiki, a rubutun Cheroki mai kama da D sautinsa a, mai kama da W kuma la. Jerin da limamin coci ɗan Sifaniya Diego de Landa ya rubuta a ƙarni na 16 a matsayin "haruffan" Maya ya ɓatar da masana kusan ƙarni guda. Ya ce wa wani marubucin Maya ya rubuta b, wanda a Sifaniyanci ake kira be, shi kuma ya zana masa sawun ƙafa a kan hanya, domin be a harshensa hanya ce. Sai a 1952 Yuri Knorozov ya gane gaɓoɓi aka ba Landa. Ya karanta ku-tsu a gefen hoton talotalo, tsu-lu a gefen hoton kare, alama ɗaya a ƙarshen wannan da farkon wancan, kuma duka kalmomin suna cikin ƙamus na Maya.

Ƙa'idojin rubutu

Babu rubutun da ke ɗaukar duk abin da baki ke faɗa. Bokon Hausa ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali, gari na zama da gari na tuwo rubutunsu ɗaya. Liniya B ta fi haka rowa: ba ta raba r da l, ba ta rubuta s ko n ko r na ƙarshen gaɓa, pa-te shi ne pater, uba. Wannan ya taɓa ruɗar masana. A rubutun gaɓoɓi na Kubrus, alamar se ta cika ƙarshen kalmomin Girkanci, mai kama da ita a Liniya B kuwa ba ta cika zuwa ƙarshe ba, sai aka yanke cewa ba Girkanci ba ne.

Dole ka rubuta irin waɗannan ƙa'idoji a fili, su zama kaɗan, kuma su hau kan kowace kalma. Idan kana ƙirƙiro sabuwar ƙa'ida duk sanda kalma ta ƙi, ko kana ba alama ɗaya sauti huɗu, ko kana tsince daga Larabci yau gobe daga Sanskirit, to kowane harshe na duniya zai fito maka daga dutsen. Wata alamar ɓata kuma ita ce fassarar da ta fito waƙa mai zurfi ko sirrin halitta. Allunan fada lissafin tumaki da man zaitun da alkama ne. Nahawu ma ya fito: kalmomi warwatse da aka tsinta a ƙamus ba karatu ba ne sai ɗafe-ɗafensu sun bi tsari.

Kwamfuta tana saukaka ƙirge da jerawa ƙwarai, abin da ya ci wa Kober shekaru yanzu aikin yini ne. A 2010 wata manhaja ta daidaita 29 daga haruffan Ugarit 30 da takwarorinsu na Ibrananci. Sai dai mutane ne suka faɗa mata Ibrananci ne ɗan'uwan, kuma jerin alamomin da aka ba ta tsaftatacce ne.

Gwaji

Tun ranar farko a ware kashi ɗaya cikin goma na nassoshin a rufe, kada a duba su yayin gina jadawali. Idan an gama, a ɗora sautukan a kansu ba tare da gyara ko ɗaya ba. Sannan a ba wasu ƙa'idojin su karanta nassi ɗaya kowa a ɗakinsa. Haka aka yi a Landan a 1857: aka ba Rawlinson da Hincks da Talbot da Oppert sabon rubutun sarkin Assuriya Tiglat-Pilesa na ɗaya, kowa ya aiko da fassararsa a rufe, aka buɗe aka ga sun haɗu a mafi yawan ma'ana.

Mafi ƙarfin shaida shi ne abin da aka tono bayan an gama magana. A 1953 Carl Blegen yana duba allunan da ya haƙo a Pilos, ya ɗauki ɗaya mai hotunan tukwane ya ɗora masa sautukan Ventris. A gefen hoton tukunya mai ƙafa uku ya karanta ti-ri-po-de, mai ƙafa uku. A gefen tulu mai hannu huɗu, qe-to-ro-we, mai kunne huɗu. A gefen mai hannu uku, ti-ri-o-we. Na ƙarshe an zana shi babu hannu ko ɗaya, kalmar da ke gefensa kuma a-no-we, marar kunne.